Karlsruhe: Birnin da Jirgin Ƙasa Ke Shiga Tsakiyar Kasuwa

Birnin Karlsruhe da ke kudu maso yammacin Jamus, kusa da iyakar ƙasar da Faransa, an fi saninsa da kasancewa mazaunin kotun tsarin mulkin tarayya. Amma a wajen masana harkar sufuri sunan birnin na tafiya ne da wani abu dabam. A farfajiyar babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin akwai matsayar tiram, wato ƙaramin jirgin lantarkin nan da ke bin dogon da aka shimfiɗa a kan titi, yana tafiya tare da motoci da masu kekuna. Wannan ba baƙon abu ba ne a biranen Jamus. Abin da ya bambanta Karlsruhe shi ne cewa wasu daga cikin jiragen masu launin rawaya da ke tsayawa a wurin ba na cikin gari ba ne kawai. Daga garuruwa masu nisan kilomita da dama suke fitowa, a kan layin dogo na ƙasa, sannan su gangaro kan titi su zama tiram ba tare da fasinja ya motsa daga kujerarsa ba.

Asalin maganar dai ita ce wurin da tashar take. Tashar farko da aka buɗe a shekarar 1843 tana dab da tsakiyar gari ne. Da birnin ya bunƙasa sai layin dogon ya zama shinge a gare shi, saboda haka a shekarar 1913 aka ƙaurar da tashar zuwa kudu, tazarar kusan kilomita 2 daga dandalin kasuwa. Hakan ya ba birnin sararin numfashi, amma ya bar wa matafiya wata ɗawainiya. Duk wanda ya fito daga ƙauye domin aiki ko cefane tilas ne ya sauka a tashar, ya bi matakala, ya fito farfajiya, ya tsaya jiran tiram a cikin sanyi ko ruwan sama, kuma a wancan zamani sai ya sake yankar wani tikitin. Muddin babu zaɓi mutane sun jure. Da mota ta wadata bayan yaƙin duniya na biyu sai suka yi watsi da jirgin, kuma hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ta shiga rufe ƙananan layuka ɗaya bayan ɗaya a faɗin ƙasar.

Mutumin da aka fi danganta sauyin da shi shi ne Dieter Ludwig, injiniyan da ya shugabanci kamfanin sufurin birnin daga shekarun 1970 har zuwa 2006, ya kuma rasu a shekarar 2020. Ra'ayinsa mai sauƙi ne: ba tsawon tafiya ke korar fasinja ba, sauka da sake hawa ne ke korarsa. Tun da ba za a iya mayar da tashar tsakiyar gari ba, to sai a kai jirgin can. A nan birnin ya taki sa'a, domin faɗin dogon tiram ɗinsa milimita 1,435 ne, daidai da na jiragen ƙasa, alhali a birane da dama na Jamus dogon tiram ya fi ƙanƙanta. Kazalika akwai darasin da aka riga aka koya tun ƙarshen shekarun 1950, lokacin da aka sake shimfiɗa layin kwarin Alb mai zuwa garin Bad Herrenalb aka haɗa shi da titunan birnin.

Sai dai faɗin dogo shi ne mafi sauƙin al'amarin. Tiram na amfani da wutar lantarki mai ƙarfin bolt 750, yayin da wayoyin da ke saman layin dogo na ƙasa ke ɗauke da bolt 15,000, kuma nau'in wutar ma ba ɗaya ba ne. Don haka aka ƙera jirgin da ke ɗauke da taransifomarsa. A mahaɗar layukan biyu akwai ɗan gajeren zango da babu wuta a wayar, jirgin zai silale ya wuce, na'urarsa ta gane wutar da ke gaba ta sauya da kanta. Ƙafafun ma sai da aka yi musu siffa ta musamman, wadda za ta shiga siririn ramin dogon titi ta kuma zauna daram a kan dogon ƙasa. Sannan ga batun tsaro. Jikin tiram ba shi da ƙwarin jikin jirgin ƙasa, ga shi zai bi layi ɗaya da jiragen dakon kaya masu nauyin gaske. Hukumomi sun amince ne bisa la'akari da ƙarfin birkinsa, tare da ƙayyade gudunsa kada ya wuce kilomita 100 a sa'a guda. Direban kuwa dole ya san dokoki iri biyu: a cikin gari idonsa ne jagora kamar kowane direba, a kan layin ƙasa kuma sigina ce ke ba shi umarni.

A watan Satumba na shekarar 1992 aka ƙaddamar da layin farko zuwa garin Bretten da ke gabashin birnin. Kafin nan fasinjojin layin ba su kai 2,000 a rana ba. Cikin ɗan ƙanƙanen lokaci adadin ya ninka kusan sau huɗu. Ko da yake an ƙara matsayai a kusa da unguwanni da makarantu, an kuma ƙara yawan zirga-zirga, bisa ga dukkan alamu abin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne mutum ya hau a garinsu ya sauka a ƙofar kanti. A shekarar 1994 aka kafa haɗaɗɗiyar hukumar sufuri ta yankin, tikiti ɗaya ya wadatar, kuma sannu a hankali layukan suka miƙa har zuwa Heilbronn da garuruwan dajin Black Forest.

Tawagogi daga ƙasashe da dama sun yi ta tururuwa zuwa birnin domin gane wa idonsu. Saarbrücken ta bi sahu a 1997 da layin da ke tsallakawa cikin Faransa, Kassel a 2007, Mulhouse ta Faransa a 2010, sai Sheffield ta Ingila a 2018. Idan aka kwatanta da yawan masu ziyarar, waɗanda suka kwaikwaya ba su taka kara sun karya ba. Dalili kuwa ba na injiniya ba ne kawai. Tsarin na buƙatar hukumar jiragen ƙasa da majalisar birni da ƙananan hukumomin karkara su amince su raba dogo ɗaya da kuɗin shiga ɗaya, abin da a wurare da yawa ya fi sauya wutar lantarki wuya.

A Karlsruhe kanta nasarar ta zo da nata ciwon kai. Kusan dukkan layukan sun riƙa bi ta Kaiserstrasse, babban titin kantuna da aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa, har ta kai jirage na bin juna kamar jerin gwano, tsallaka titin ya zama aiki. A ƙuri'ar raba gardama ta 1996 mazauna birnin sun yi fatali da shawarar haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa, amma a 2002 suka amince da wani sabon fasali da ya haɗa da ramin motoci. An fara aikin a 2010, ba a buɗe ba sai a watan Disamba na 2021, bayan jinkirin shekaru, kuma kuɗin da aka ƙiyasta da farko kimanin yuro miliyan 500 ya tashi zuwa kusan miliyan dubu ɗaya da ɗari biyar. Masu sukar lamiri na cewa an binne ainihin abin da ya sa tsarin ya yi suna, domin fasinjan da aka yi wa alƙawarin sauka a ƙofar kanti ya koma hawan matakala.

Akwai kuma iyakar da nisan tafiya ya gindaya. Kujerar tiram ba a yi ta domin zaman sa'a biyu ba, kuma da yawa daga cikin jiragen farko ba su da makewayi. A watan Disamba na 2022 aka mayar da wasu dogayen zanguna hannun jiragen ƙasa na yau da kullum, waɗanda ke tsayawa a cikin babbar tashar ta 1913. Fasinjojinsu da ke son shiga gari sukan sauka, su fito farfajiya, su jira tiram.