Yaran da 'yan cirani ke bari a gida: abin da ya kamata ku sani

Da an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, ƙauyuka da yawa a ƙasar Hausa sukan koma na tsofaffi da mata da yara. Magidanta sun bi mota zuwa Legas, Abuja ko Fatakwal. Na yankin Tawa a Nijar wasu sun nufi Abijan, wasu Libiya. Ga kuma matan da ke zuwa aikatau Saudiyya, su shekara biyu ko uku ba su waiwayo gida ba. Lissafin da aka saba yi wa wannan tafiya na kuɗi ne: nawa aka turo, an sayi buhun masara, an yi wa ɗaki rufin kwano. Da wuya a ji wani ya tambayi halin da zuciyar yaron da aka bari take ciki.

Ƙasar Sin ce aka fi bin diddigin wannan tambaya a cikinta. A 2013 ƙungiyar matan ƙasar ta ƙiyasta cewa yara miliyan 61 ne a karkara uwa ko uba, ko dukkansu biyu, suka tafi birni neman aiki suka bar su, wato kusan yaro ɗaya cikin kowane biyar a ƙasar. Ba rashin tausayi ne ya jawo ba. Tsarin rajistar mazauni da suke kira hukou ya ɗaure haƙƙin makaranta da na asibiti da garin da aka yi wa mutum rajista, saboda haka leburan da ya je aiki lardin Guangdong yakan sha wuya kafin ya samar wa ɗansa gurbi a makarantar gwamnati. Sai a bar yaro wurin kaka, a riƙa ganinsa sau ɗaya a shekara, lokacin bikin sabuwar shekara. A watan Yunin 2015, a yankin Bijie na lardin Guizhou, yara huɗu 'yan gida ɗaya, babbansu mai shekara 13, autarsu mai 5, suka kashe kansu a gidan da suke zaune babu babba ko ɗaya. A Fabrairun 2016 gwamnatin ƙasar ta fitar da umarnin da ya hana a bar yaron da bai kai shekara 16 ba yana zaman kansa babu mai kula da shi.

A 2018 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani nazari da ya tattara bincike 111 a kan yara fiye da dubu 260, kuma 91 daga cikin binciken a Sin aka yi su. An gano cewa haɗarin kamuwa da ciwon damuwa ya fi yawa da kusan kashi 50 cikin ɗari a wurin yaran da aka bari, idan aka gwada su da waɗanda ke tare da iyayensu. Tunanin kashe kai ya fi yawa da kashi 70. Fargaba, taurin kai da shaye-shaye su ma sun fi yawa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne rama da tsumburewa: duk da kuɗin da ake aikowa, su ma sun ɗan fi yawa a cikin waɗannan yara.

Kada a karanta waɗannan alƙaluma a ɗauka duk ɗan ɗan cirani mara lafiya ne. Haɗari ne ya ƙaru, kuma yara da yawa suna tashi garau. Wani bincike da Elspeth Graham da Lucy Jordan suka wallafa a 2011 ya duba ƙasashe huɗu na kudu maso gabashin Asiya. A Indonesiya da Tailan, 'ya'yan mazan da suka tafi aiki ƙasar waje sun fi sa'o'insu shiga ƙunci. A Filifin da Biyetnam kuwa ba a ga wannan bambanci ba. Tafiya iri ɗaya, sakamako daban. Ke nan akwai abin da ke tsakanin tafiyar da lafiyar yaron, kuma a nan ne iyaye ke da abin yi.

Babba a ciki shi ne hannun da aka bar yaron. Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mutane da yawa goyon kaka ne ko na gwaggo, kuma sun tashi cikin gata. Amma riƙon da aka yi don ƙauna daban yake da wanda dole ta sa. Kakar da ke fama da hawan jini da jikoki biyar, ko kishiyar uwa da ke da nata 'ya'yan, ko matar ƙanin uba da ke jin an ɗora mata nauyi, za su iya ciyar da yaro su yi masa wanki, amma su kasa lura cewa ya daina dariya. Wani lokaci ma riƙon a kan 'yar shekara goma sha biyu yake faɗawa: ita ce ɗebo ruwa, ita ce tuƙa tuwo, ita ce goyon ƙani, makaranta kuma sai ranar da ta samu sarari. Uwar da aka bari ita ma a duba ta. Wani binciken da aka yi a kudu maso gabashin Asiya ya nuna cewa masu riƙon da ba sa yawan jin ɗuriyar wanda ya tafi, ko aike ya daina zuwa musu, sun fi shiga damuwa, kuma damuwar mai riƙo ba ta tsayawa a kansa shi kaɗai.

Sai yadda ake rabuwa. Mun saba uba ya sulale da asuba yaro na barci, in ya farka a ce masa, “Baba ya je kasuwa, yanzu zai dawo.” Yaron ya wuni a bakin zaure yana leƙen hanya, gobe ma haka, har ya gane da kansa cewa ruɗinsa aka yi. Ana yin haka ne don gudun kukansa, amma kukan sallama na yini ɗaya ne. Wanda aka ɓoye wa gaskiya kuwa yakan ɗauka laifinsa ne ya kori uban, ko ya daina yarda da maganar manya. Yaro ɗan shekara huɗu ma yana fahimtar “zan tafi neman kuɗi, zan dawo kafin shuka, Inna ce za ta kula da kai.” In an sa lokaci kuma bai yiwu ba, a faɗa masa dalili.

Waya ta rage nisa, amma a lura da wanda ke riƙe da ita. Uba ya bugo, ya gaisa da mahaifiyarsa, ya tambayi matarsa ko ta karɓo saƙon wurin mai POS, sannan ya ce, “Yara lafiya?” A ce masa lafiya lau, kati ya ƙare. Yaron yana tsaye jikin ƙyaure tun farkon kiran, ba a miƙa masa ba. Kawaicin da iyaye ke yi wa ɗan fari yakan sa shi ne ma ba a nema. Minti biyu da za a kira shi da sunansa, a tambaye shi inda ya kai a allo ko yadda akuyarsa take, ko saƙon murya na WhatsApp da zai saurara ya maimaita, ba su kai kuɗin kofin shayi ba. Kuma kira a rana sananniya, ko da sau ɗaya ne a mako bayan sallar Juma'a, ya fi doguwar hira da ba a san ranar zuwanta ba.

Akwai kuskuren da muke yawan yi: mu ga yaro ya yi shiru mu ce mai haƙuri ne. Juriya ta gaskiya ana ganinta a yaron da ke kewa, ya faɗa, ya yi kukansa, sannan ya tashi ya shiga wasa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ƙaramin da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko ya manne wa mai riƙonsa ba ya barin ta ko nan da can, ko yake yawan kukan ciwon ciki da ciwon kai asibiti ba ta ga komai ba, magana yake yi. Babba kuma yakan janye daga abokai, karatu ya ja baya, ya fara faɗa da dare a waje, ko ya faɗa shaye-shaye. Duka ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, gori kuwa, irin su “uwarka ta tafi ta bar ka,” ƙara rura wutar yake. Malamin makaranta da na Islamiyya sukan riga 'yan gida gani, don haka ya kamata a sanar da su tun farko cewa iyayen wannan yaro sun yi tafiya.

Idan alamun suka wuce 'yan makonni, ko yaro ya daina ci da barci, a kai shi asibiti kamar yadda za a kai shi in zazzaɓi ya ƙi sauka. Idan kuwa ya furta cewa gara ya mutu, kada a ɗauka shirmen ƙuruciya ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a sanar da iyayensa, a nemi likita a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, kuma asibitin da ya fi kusa zai iya rubuta takardar turawa.