Hutun ƙarshen mako a Istanbul: Yadda ma'aurata za su tsara sufuri da yawon buɗe ido ta waya

Ma'auratan da suka ware kwana biyu don hutawa a wani birni ba su da lokacin ɓatawa. Wanda ya sauka ranar Juma'a da yamma zai koma Lahadi, idan ya yi awa uku yana neman hanyar otal, wani babban yanki na hutunsa ya tafi. Istanbul misali ne mai kyau, domin birni ne mai faɗi da cunkoson motoci, wani ɓangarensa a nahiyar Turai, wani a Asiya, kuma jiragen Turkish Airlines na zuwa can daga Abuja da Legas. Mafi yawan matsalolin irin wannan tafiya ana iya magance su da wayar hannu tun ba a bar gida ba.

A fara duba filin jirgin

Istanbul na da manyan filayen jirgin sama guda biyu. Na farko shi ne Istanbul Airport, mai alamar IST, a ɓangaren Turai, wanda aka buɗe a 2018. Na biyu shi ne Sabiha Gokcen, mai alamar SAW, a ɓangaren Asiya. Kowannensu na da nisan kusan kilomita 40 daga tsohon gari, kuma tsakaninsu akwai tafiya mai tsawo. Wanda ya nufi wannan alhali jirginsa na tashi daga wancan, da wuya ya tarar da jirgin. Don haka kafin kama otal, a buɗe tikiti a duba haruffa ukun nan, na zuwa da na dawowa, domin wani lokaci sukan bambanta.

Shi ma otal gara a kama shi tun daga gida. Tun 2017 wata kotu ta hana amfani da Booking.com daga cikin Turkiyya wajen kama ɗaki a otal-otal na ƙasar, amma daga waje yana aiki.

Hanyoyi uku na shiga gari

Daga IST akwai jirgin ƙasa na layin M11 da ke kai fasinja tashar Gayrettepe cikin kusan rabin awa. Daga nan ana sauyawa zuwa layin M2, wanda ke bi ta Taksim. Cunkoson titi ba ya shafarsa, sai dai akwai doguwar tafiyar ƙafa wajen sauya layi, kuma yakan tsaya da aiki wajen tsakar dare. Masu manyan akwatuna za su fi jin daɗin motocin bas na Havaist, waɗanda ke da wurin ajiye kaya.

Daga SAW kuwa layin M4 ne ke zuwa Kadikoy. Mai son tsallakawa ɓangaren Turai zai sauka a tashar Ayrilik Cesmesi ya hau jirgin Marmaray, wanda ke bi ta ƙarƙashin mashigin ruwan Bosphorus zuwa Sirkeci, kusa da tsohon gari.

Hanya ta uku ita ce tasi. Manhajojin BiTaksi da Uber duk suna kiran tasi a birnin, kuma suna nuna kiyasin kuɗi tun kafin a shiga mota. Tasi na aiki da mita, kuma idan aka bi ta gada ko hanyar da ake biyan kuɗi, ana ɗora wa fasinja. Ga waɗanda suka sauka cikin dare, ita ce mafi sauƙi.

Jirgin ƙasa da bas na cikin gari da jirgin ruwan fito duk kati ɗaya ake amfani da shi, Istanbulkart. Ana sayensa a kuma zuba masa kuɗi a na'urorin da ke tashoshi, kuma miji da mata na iya amfani da kati guda, a taɓa shi sau biyu a ƙofar shiga.

A haɗa wurare bisa unguwa

Kuskuren da ya fi cinye lokaci shi ne jera wurare bisa shahararsu ba tare da duba taswira ba. Manhajar Google Maps na ba da damar buɗe jerin wurare a tura wa wani, ta yadda kowa zai iya ƙara nasa. Idan miji da mata suka zuba wuraren da suke so, alamomin za su fito a kan taswira, nan take a ga waɗanda ke kusa da juna.

A Istanbul, masallacin Hagia Sophia da masallacin Sultan Ahmed da fadar Topkapi duk suna unguwar Sultanahmet, ana zagaya su da ƙafa, kuma layin tram na T1 na ratsa unguwar. Wannan ya isa aikin yini guda. Babbar kasuwar Grand Bazaar ma tana kan layin T1, amma ba ta ci ranar Lahadi. Wanda ya bar tsaraba sai ranar komawa zai tarar da ƙofofi a rufe, saboda haka ranar Asabar ce ranar kasuwa. Su ma masallatan akan dakatar da masu yawon kallo a lokutan salla.

Safiyar Lahadi ta dace da abu mara wahala, kamar hawa jirgin ruwan fito daga Eminonu zuwa Uskudar ko Kadikoy, inda ake ganin birnin daga kan ruwa da kuɗin sufuri na yau da kullum.

A shirya wayoyin biyu

Sau da yawa waya ɗaya ce ke ɗauke da komai: tikiti, adireshin otal, taswira. Idan cajinta ya ƙare ko ta ɓata, su biyun sun tsaya cak. Mafita ita ce kowane muhimmin abu ya kasance a wayoyin biyu, a kuma ɗauki hotonsa yadda za a iya buɗewa ba tare da data ba.

Sauke taswirar birnin a Google Maps na da amfani, amma a sani cewa idan babu intanet kwatancen hanyar mota kawai take bayarwa, ba ta nuna layukan jirgin ƙasa da bas. Shi ya sa ake buƙatar data. Wayar da ke karɓar eSIM, a saya a kuma girka mata tun a gida, domin girkawar kanta na buƙatar intanet. A sauke harshen Turkanci a Google Translate don karanta alluna da jerin abinci. Idan aka shiga kasuwa mai cunkoso, WhatsApp na iya nuna wa ɗaya inda ɗayan yake kai tsaye har na tsawon awa 8.

Soket ɗin Turkiyya mai ramuka biyu zagayayyu ne, ba irin mai ƙafa uku da aka saba da shi a Najeriya ba, don haka sai da adafta. Batirin ajiye caji kuma a jakar hannu ake shiga da shi jirgi, ba a akwatin da za a auna ba. Mai ƙarfin 20,000mAh ya kai kusan 74Wh, ƙasa da iyakar 100Wh da kamfanonin jirage suka saba amincewa da ita.

Ranar komawa: a lissafa daga baya

Agogon Turkiyya na gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma lokacin da ke kan tikiti na filin da jirgin zai tashi ne. A tabbatar wayoyin sun sauya agogo da kansu kafin a saita ƙararrawa.

Sannan a yi lissafi daga lokacin tashi zuwa baya. Idan jirgin zai tashi ƙarfe 6 na yamma, ana so a isa filin da ƙarfe 3, musamman IST da ake doguwar tafiya kafin a kai ƙofar jirgi. Idan aka ware awa biyu don hanya da ɗaukar kaya, barin otal ya kama ƙarfe 1 na rana. Abin da ya rage kafin wannan lokaci shi ne ainihin ranar Lahadin ma'auratan, kuma a kansa za su yanke ko jirgin ruwa za su hau, ko kuwa su tsaya su karya kumallo a natse kusa da otal.