Ciyawar Ƙasar Daura a Zamanin Damina Mai Sauya Hali

Ruwan saman da ƙasar Daura ke samu a shekara yana kai-komo ne a wajen milimita 600, kuma kusan dukkansa yana sauka tsakanin Yuni da Satumba. Da ciyawar waɗannan watanni huɗu ne shanu da tumaki da awakin Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua za su ratsa watanni takwas na rani. Kasuwar dabbobi ta Mai'adua, wadda ake kawo wa shanu har daga Nijar, a kan ciyawar nan take tsaye. Amma idan aka zo maganar kwararowar hamada, sai a yi ta batun bishiyoyi, ciyawa kuwa ba mai tuna ta.

Fari ba baƙo ba ne a wannan yanki. An yi yunwar Kakalaba a 1914, an yi farin 1972 zuwa 1974, aka sake yin na 1983 da 1984, wanda ya haɗu da annobar bushiya da ta karkashe shanu. Bayan haka ruwa ya ɗan dawo, sai dai da wani hali ya dawo. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982, kuma masu binciken sun danganta hakan da ƙaruwar zafin hamadar Sahara. Ma'ana, ana iya auna ruwan shekara a ga bai ragu ba, alhali a 'yan kwanaki ya zuba, tsakaninsu kuma sama ta ɗauke ƙafa.

Ciyawa ba ta rayuwa da jimillar ruwan shekara, yadda ya rarrabu ne ya dame ta. Mafi yawan ciyawar jigawar Daura, irin su kyasuwa da burburwa da ƙarangiya, damina ɗaya suke yi. Su tsiro, su yi iri, su zubar, su bushe. Irin da ke kwance cikin yashi shi ne rumbunsu. Idan ruwan farko ya sauka da ƙarfi a ƙarshen Mayu, irin ya tsiro, sannan aka yi makonni uku babu ɗigo, ƙananan tsirrai sai su ƙone kafin su yi 'ya'ya. Manomi yakan sake shuka gero idan ya sami wani irin. Daji ba shi da mai sake masa shuka. In haka ta maimaitu shekara biyu ko uku, rumbun ya yi ƙasa.

Gamba ta fi su juriya, domin saiwarta tana zurfi kuma tana rayuwa shekara da shekaru. Ita ce ke riƙe ƙasa idan iska ta taso, ita ce kuma ke fara toho da zarar an sami laima. Sai dai dogon fari tare da kiwo ba hutu yana kashe gindinta, kuma in ya mutu ba ya saurin dawowa. A wurare da yawa yanzu sai a kan iyakar gonaki ake ganinta, inda mai gona ke tsaronta saboda zana. Wurin da gamba ta bari yakan zama tsirara. Ruwa mai ƙarfi ya doki ƙasar, ya toshe ƙofofinta, ta daskare ta koma faƙo. Daga nan ko an yi ruwa gangarawa yake yi, ya kwashe iri da taki ya zuba su cikin kwari.

Akwai abin da ke ruɗin ido. Mai wucewa a mota a watan Agusta zai ga ko'ina kore shar, ya ce daji ya farfaɗo. Makiyayi ya san ba haka ba ne, domin yawancin koren tafasa ce da tumfafiya da garmani, waɗanda shanu ba su cika kula su ba. Garmani ya riga ya mamaye makiyayu da burtalai da yawa a jihar Maraɗi. Masana muhalli sun daɗe da gano cewa filin da ke da ciyayi iri-iri ya fi jure fari, saboda shekarar da ta ƙi wata ciyawa takan karɓi wata. In filin ya koma iri biyu ko uku, shekara ɗaya mara kyau ta isa ta bar shi fayau.

Ba daidai ba ne a ɗora wa sauyin yanayi laifin duka. A da, in damina ta ƙi a nan, garke yakan bi burtali ya nufi inda ta yi kyau, fili ya sami hutu. An yi dokar keɓe makiyayu a Jihar Arewa tun 1965, amma gonaki sun cinye burtalai da mashaya da yawa. Kara da harawa, da ake bar wa dabbobi a gona su ci su bar taki, yanzu kayan sayarwa ne. Dabbobi suna taruwa a ɗan abin da ya rage, su cinye ciyawa tun ba ta zubar da iri ba. Rigimar manoma da makiyaya da ke tayar mana da hankali, wani sashenta daga nan ya faro.

Darasi yana nan kusa, a tsallaken iyaka. A Magarya da Matamaye da Mirya, manoma sun koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, abin da suke kira sassaben zamani, kuma an ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar ta wannan hanya. Gawo yana fitar da ganye da 'ya'ya da rani, daidai lokacin da dabba ke neman abin ci. Can kuma ana haƙa ramuka masu siffar rabin wata a kan faƙo, su tare ruwa, a watsa irin ciyawa a ciki.

Katsina tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Bishiyoyi, tana kuma cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700. A ganina, ya kamata wani kaso na wannan ƙoƙari ya koma kan ciyawa: a tara irin gamba da kyasuwa, a shuka su a makiyayun da suka lalace, a sake shata burtalai a kafa musu alama. Hana kiwo a wani fili daga Agusta har ciyawa ta zubar da iri a Oktoba ba ya buƙatar kuɗin waje. Yarjejeniya ce da hakimai da dagatai da arɗo-arɗo na masarautar Daura za su iya ƙullawa kafin damina mai zuwa ta faɗi.