Sana'ar Goge Fentin Mota Da Inji A Wunti: Abin Da Ya Kamata Mai Mota Da Dillali Su Sani

BAUCHI — Tsadar da motoci suka yi a 'yan shekarun nan ta sa mutane da dama sun haƙura da sayen sabuwa, sun koma lallaɓa wadda ke hannunsu. Wannan ya buɗe kasuwa ga masu wankin mota, da masu fenti, da masu goge fenti da inji, waɗanda ake samu a kewayen Wunti da titunan da suka fita daga wannan tsohuwar ƙofa ta birnin Bauchi. Motar da ta dusashe takan shiga hannunsu da safe, ta fito da la'asar tana sheƙi kamar yau aka sauke ta. Sai dai kuma ba kowane mai mota ya san abin da yake biya a madadin wannan sheƙi ba, bayan kuɗin aikin da ya miƙa.

Mutanen Bauchi ba baƙi ba ne a harkar mota. A ƙarshen shekarun 1970 aka kafa masana'antar Steyr a garin, inda aka riƙa harhaɗa manyan motoci da taraktoci, yayin da kamfanin PAN na Kaduna ya fara fitar da Peugeot 504 tun 1975. Shirin gyara tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari jama'a, aka koma ga na hannu da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda aka fi sani da 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. A watan Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Daga bisani, tsakanin Mayun 2023 da farkon 2024, dalar Amurka ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da naira 1,500. A irin wannan hali mota ta zama jari, kuma fentinta shi ne abin da mai saye ke fara ɗora ido a kai kafin ya buɗe murfin inji.

Yanayin ƙasar nan kuwa ba ya raga wa fenti. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na ɗauko ƙura daga hamada, galibi daga yankin Bodele na ƙasar Chadi, ta shimfiɗa ta a kan komai. A cikin wannan ƙura akwai ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri. Duk lokacin da aka sa busasshen tsumma aka share mota da safe, tamkar an bi ta da samfefa ne. Wannan ne asalin siraran zanen nan masu kama da saƙar gizo-gizo da ake gani idan rana ta haska baƙar mota. Zafin watannin Maris da Afrilu, da kashin tsuntsu, da ƙaron itace, da garin sabulun wanki da ake amfani da shi a wuraren wankin mota, duk suna ƙara dusar da fenti.

Domin fahimtar aikin injin gogewa, wajibi ne a san yadda aka gina fentin mota. Motocin da aka ƙera daga shekarun 1980 zuwa yau yawanci suna da shimfiɗa uku a kan ƙarfe: ta ƙasa mai hana tsatsa da riƙe fenti, sai launi, sa'an nan rigar sama marar launi, wadda ita ce ke ba da ƙyalli, kuma a cikinta sinadarin da ke kare launi daga zafin rana yake. Gaba ɗaya kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, maikiron ɗaya kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Rigar saman ita kaɗai takan kai maikiron 35 zuwa 50, wato ba ta kai kaurin gashin mutum ɗaya ba.

Injin gogewa ba ya ƙara wa wannan riga komai. Rage ta yake yi. Man da ake shafawa yana ɗauke da gari mai laushi mai cin fenti, inji na juyawa yana kankare saman rigar har ya daidaita da gindin zanen, sai haske ya riƙa dawowa miƙe, ido ya ga sheƙi. Abin da aka kankare ya tafi ke nan, ba ya dawowa sai da sabon fenti. Ƙa'idar da aka fi bi a sana'ar ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rigar a tsawon rayuwar motar. Saboda haka wanda ke kai motarsa a goge da inji duk bayan wata biyu yana cin uwar kuɗi ne yana zaton riba. Ranar da rigar ta ƙare, sai a ga rufi da murfin inji sun yi fari-fari suna saɓulewa, kuma a lokacin babu injin da zai gyara.

Tsofaffin motoci irin su 504 na farko ba su da wannan riga, launi da ƙyalli a haɗe suke. Alamarsu ita ce idan aka goge, launin motar kan fito a jikin soson. Idan kuwa launi ya fito a soso alhali motar ta zamani ce, to ko dai an taɓa sake mata fenti mai araha, ko kuma mai aikin ya huda rigar sama.

Gwanin aiki ba ya fara da inji. Yakan wanke motar da ruwa mai yawa, ya cire kwalta da ƙaro da duk abin da ya manne, domin ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a soso ta isa ta zane ƙofa guda. Sa'an nan ya shigar da ita inuwa, ya bari ƙarfen ya huce, ya rufe robobi da gefuna da salatif. Daga nan sai ya gwada a ɗan ƙaramin wuri da mai mafi laushi da soso mafi taushi. In hakan ya wadatar, bai kamata ya taɓa mai ƙarfi ba. Zanen da farce ke maƙalewa a cikinsa ya riga ya wuce rigar sama, magani nai fenti ne.

Injinan iri biyu ne. Akwai mai juyawa kai tsaye, wanda aka fi samu a kasuwannin ƙasar nan. Yana da sauri da ƙarfi, amma yana tara zafi a wuri guda. Ana fara shi a hankali don baza mai, a yi aikin a tsakanin juyi 1,200 zuwa 1,800 a minti ɗaya, a riƙe shi kwance, kuma kada a tsaya. Daƙiƙu kaɗan na sakaci a kan kaifin ƙofa ko a bamba ta roba sun isa su ƙone fenti. Na biyun shi ne mai juyi haɗe da kaɗawa, wanda ba ya bin layi ɗaya sau biyu. Ya fi jinkiri, amma ya fi aminci a hannun ɗan koyo, kuma ba ya barin inuwar nan mai kama da gajimare da ake gani a baƙaƙen motoci bayan an goge su da gaggawa. Faifan gashin tunkiya na cin fenti da sauri, na soso kuma shi ke kammalawa. Akan ɗauki wuri kamar rabin mita a tsawo da faɗi, a bi shi a tsaye da a kwance, a share, a duba da fitila kafin a matsa gaba. Motar da aka sake wa fenti akan fara lallashe ta da jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 1500 zuwa 3000, sa'an nan a goge, amma ba a shafa mata kaki sai bayan kimanin wata guda, don fentin ya gama bushewa.

Aiki irin wannan yakan ci yini guda ko fiye. Wanda ya yi alkawarin gamawa cikin awa ɗaya a rabin farashi, mai yiwuwa man cike zane zai shafa, wanda ke ɓoye aibi na ɗan lokaci. Bayan wanki biyu ko uku komai zai dawo yadda yake. Araha ba ta ado. Ga dillalai da masu sayen mota, akwai hanyoyin kariya masu sauƙi. A duba mota a cikin rana tsaka, ba da magariba ko a ƙarƙashin rumfa ba. A goge ɗan wuri da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit irin na asibiti da aka sirka da ruwa, abin da aka ɓoye zai bayyana. Har ila yau akwai ƙaramar na'urar auna kaurin fenti da ke shiga aljihu. Idan sassan mota na nuna 120 sai ƙofa ɗaya ta nuna 300, an sake mata fenti. Idan ta doshi 1,000, akwai fila a ƙasa, wato motar ta taɓa haɗari. Idan kuma rufi na nuna ƙasa da 80, an goge shi har ya kusa ƙarewa.

Ga matashi mai neman abin yi, sana'ar ba ta buƙatar babban jari: inji ɗaya ko biyu, sosuna, mai, tsummoki masu laushi, fitila da rumfa mai hana ƙura. Babbar matsalar ita ce wutar lantarki. Bauchi na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Jos, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta sai an tada janareto, wanda kuɗin mansa ya ninka tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023. Dole a sa wannan cikin lissafi in ana so kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Matsala ta biyu ita ce horo. Yawanci yara na koyo ne ta kallon maigida, a kan motocin mutane. Zai fi kyau su fara a kan tsofaffin ƙofofi da murafan inji daga wurin 'yan gwangwan. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu da aka kafa a 1971, mai hedkwata a Jos, da ƙungiyoyin makanikai, da kwalejojin fasaha na Bauchi, suna da rawar da za su taka wajen shirya gajerun kwasa-kwasai a wannan fanni.

Ga mai mota kuwa, abin da ya fi sauƙi shi ne kiyayewa. A daina share ƙura da busasshen tsumma, a zuba ruwa tukuna. A yi amfani da sabulun da aka yi domin mota, a ajiye ta a inuwa, a shafa kaki duk bayan wata uku ko huɗu, musamman gab da shigar hunturu. Goge mai ƙarfi da inji a bar shi sai da dalili, kamar bayan sabon fenti ko lokacin da za a kai mota kasuwa. Kafin a miƙa makulli, a tambayi mai aikin wane mai zai fara da shi, kuma a ina zai gwada. Wanda ya iya amsa waɗannan tambayoyi biyu ba zai sa a rasa ido garin gyaran gira ba.