Idan Sitiyarin Mota Ya Yi Kuka

Mutanen Kiyeshe suna shiga mota don zuwa kasuwar Dogon Dutsi, ko don kai marar lafiya asibiti. Hanyoyin ƙauyukan Dallol Mauri suna da rairayi da ramu da gargada. Waɗannan abubuwa 3 su ne ke kashe sitiyari, wato abin da direba ke murɗawa ya juya mota.

Sitiyari mai lafiya ba ya kuka. In ya fara, to akwai dalili.

1. Gurnani lokacin da ake murɗa shi. Motoci da yawa suna da famfo mai tura mai don sitiyari ya yi taushi. In man ya ragu, iska takan shiga famfon, sai ya yi ta gurnani, sitiyarin kuma ya yi nauyi. Sai a ƙara irin man da ya dace, a nemi inda yake yoyo.

2. Ƙara mai tsini kamar fito. Bel ɗin roba mai juya famfon ne ya saki ko ya tsufa. A ɗaure shi, ko a sake sabo.

3. Ƙas-ƙas-ƙas a kan kwana. Wannan ya fi faruwa ga ƙananan motoci masu ja da ƙafafun gaba. Gaɓar da makanikai ke kira kardan ce ta cinye.

4. Ƙwanƙwasa a kan gargada. Wannan ya fi duka haɗari. Tsakanin sitiyari da ƙafar mota akwai gaɓar ƙarfe mai kama da gwiwa, ana kiranta rotil. Roba ce ke rufe ta, da giris a ciki. In robar ta tsage, giris ya fita, rairayi ya shiga ya riƙa cin ƙarfen kamar dutsen niƙa. Ran da rotil ta fizge, ƙafar mota ba ta ƙara bin sitiyari. Direba yana murɗawa, mota tana tafiya inda ta ga dama.

Gwajin rotil ba wuya. A ɗaga gaban mota da jak, a tokare ta da kyau. A kama taya da hannu 2, dama da hagu, a girgiza. In ta yi lakwaf-lakwaf, sai wurin makanike kafin a ɗauki kowa.

Lodi mai yawa yana ƙara ɓarnar. Buhunan hatsi da wake, ga awaki, ga mutane a sama: duk gaɓoɓin nan suna shan wahala.

Fasinja ma yana da haƙƙin magana. Wanda ya ji ƙwanƙwasa a gaban mota, ya gaya wa direba, kada ya ji kunya. Kuɗin roba da giris kaɗan ne, amma ran mutum ba a sayensa a kasuwa.