Alƙawari Kaya Ne: Dillalin Sufuri da Sabon Magatakardansa

Dattawan da suka yi wayo a zamanin En'e za su iya tuna wani mutum da kan zauna a ƙofar gidan waya ko a inuwar kotu, da ɗan teburinsa da kwalbar tawada, wanda ba shi da wata sana'a sai rubuta wa jama'a wasiƙa, mai neman bashinsa ya zo, mai kai kuka wurin hakimi ya zo, mai gaida ɗansa da ke Ikko ya zo, kowa ya faɗi abin da ke ransa da baki, shi kuwa ya tufatar da maganar, ya yi mata rawani. Dokar da Turawa suka kafa domin kare waɗanda ba su yi boko ba ta wajabta wa irin wannan marubuci ya sa sunansa da mazauninsa a jikin takardar, wanda hakan shaida ce cewa ya karanta wa mai ita abin da ya rubuta, ya kuma fahimtar da shi, kafin a dangwala hannu. Hikimar a fili take: alƙalami na wani ne, amma magana ta wani ce, ranar da aka zo hisabi kuwa mai magana za a kama. Na ɗauko wannan tsohon zance ne domin wani sabon magatakarda ya bayyana a duniya, wanda ba ya gajiya, ba ya neman ladan rubutu sai ɗan kaɗan, ga kuma dillalan sufuri sun karɓe shi hannu bibbiyu.

Sai mu fara sanin wane ne dillalin sufuri, mu kuwa dube shi a Amurka, inda sana'ar ta fi bunƙasa. A can manyan motoci ne ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin kayan da ke zirga-zirga a cikin ƙasa, alhali fiye da kashi 90 cikin 100 na masu motocin nan ƙananan 'yan kasuwa ne da ba su mallaki abin da ya wuce mota goma ba, da yawansu ma mota ɗaya ce, mai ita shi ne direbanta. To, tun da mai masana'anta ba zai iya sanin dubban direbobi ɗaya bayan ɗaya ba, direba kuma ba ya son ya kai kaya ya komo wayam, sai wani ya shiga tsakani, wanda ba shi da kaya ba shi da mota, ya yi ciniki da mai kaya a kan wani farashi, ya yi da mai mota a kan wanda bai kai shi ba, abin da ke tsakani ya zama la'adarsa. Sana'ar ta yaɗu ne bayan shekarar 1980, da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sassauta ƙa'idojin shiga harkar sufuri. Shekara biyu kafin nan, a 1978, a wata tashar manyan motoci da ke birnin Fotland na jihar Origon, inda aka saba manna 'yan takardun neman lodi a jikin allo, aka soma nuna lodin a fuskar talabijin, daga nan kamfanin DAT mai allon sanarwar lodi ya samo asali. Hukuma kuwa, da yake ta san jarin dillali amana ce, ta shar'anta masa lasisi da ajiye lamuni, wanda a 2013 aka ɗaga shi daga dala 10,000 zuwa dala 75,000, domin in ya ci kuɗin mai mota a sami abin biya.

Wanda bai taɓa shiga ofishin dillalan nan ba zai zaci aikinsu hayaniyar tasha ce, alhali galibinsa rubutu ne. Mai kaya ya aiko da imel yana tambayar farashi, a ba shi amsa. A rubuta sanarwar lodi a kafa a allon intanet. In an sami mota a rubuta takardar tabbatar da ciniki, wadda ke ɗauke da kuɗin mota da wurin ɗauka da wurin saukewa da sa'a da nauyi. A nemi lokacin shiga sito. Mota ta makara a ba da haƙuri. Direba ya daɗe a layi a rubuta neman kuɗin jira. Kaya ya lalace a yi ta musayar takardu da masu inshora. Yini guda sai mutum ya rubuta saƙo ɗari, mafi yawansu 'yan uwan juna, ga shi kuwa a kasuwar nan wanda ya riga amsawa shi ke samun lodi.

Da aka fito da ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, sauran irinsa kuma suka biyo baya, sai dillalai suka ga abin nema ya samu. Kamfanin C.H. Robinson, wanda aka kafa a 1905 kuma yana cikin mafiya girma a wannan fage, ya ba da sanarwa a 2024 cewa ya ɗora ƙirƙirarriyar basira a kan karanta imel ɗin masu kaya, ta tsamo abin da suke nema, ta mayar musu da farashi, har ta karɓi oda ta tsayar da lokacin ɗauka da saukewa, ta yadda saƙon da a da yakan jima a layi yana jiran ma'aikaci yanzu ba ya wuce 'yan mintoci. Ƙananan dillalai kuma sukan sa ta gyara musu lafazi, ta taƙaita doguwar muhawara da aka yi ta imel, ta sanyaya wasiƙar da aka rubuta cikin fushi, ko ta fassara umarni ga direban da Turanci ba harshensa ba ne, da yake baƙi da yawa ne ke tuƙi a ƙasar. Wannan fa'ida ce ta haƙiƙa, wanda ya musa ta ya yi rashin adalci.

Amma wajibi ne mai amfani da wani abu ya san ɗabi'arsa. Ita wannan na'ura an ɗura mata rubuce-rubuce ne masu yawan da ba mahalukin da zai iya karance su, har ta laƙanci wace kalma ce ta saba bin wace, saboda haka in aka ba ta farkon zance sai ta ci gaba da jero abin da ya fi kama da daidai. Misalinta kamar magatakardan da ya haddace wasiƙun duniya kaf, ya san fasaha da balaga, amma bai taɓa taka tasha ba, bai taɓa jin ƙaurin taya ba. Babbar illarta kuwa ita ce ba ta son barin gurbi, in aka rage mata wani bayani takan cike shi da zato, ta kuma faɗe shi da murya irin ta mai yaƙini. A 2023 wani alƙalin kotun tarayya a birnin Niyok ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000, domin sun gabatar da hujjoji daga shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga, waɗanda ba a taɓa yin su ba. In masana doka sun faɗa wannan rami, ina ga dillalin da wayoyi uku ke kuka a gabansa?

A harkar sufuri kuwa ɓarna ba ta cika zuwa ta kalmomi ba, ta lambobi take zuwa. Amurkawa kan fara rubuta wata kafin rana, don haka 3/4 a wurinsu 4 ga Maris ne, a wurin mafi yawan duniya kuwa 3 ga Afrilu. Kayan lambu a mota mai firji akan ce a riƙe su wajen digiri 34 a ma'aunin Faranhait, wato sanyin da ya kusa daskarar da ruwa, alhali 34 a ma'aunin Salshiyos zafin rana ne irin na Kano, wanda zai dafa latas tun ba a yi nisa ba. Dokar tarayya ta iyakance nauyin mota da kayanta a wajen tan 36, ta kuma hana direba tuƙin da ya wuce sa'a 11 sai ya huta sa'a 10. Daga Shikago zuwa Los Anjalas kuwa tafiyar wajen kilomita 3,200 ce, wadda direba ɗaya ba zai gama ta bisa ƙa'ida ba sai cikin kwana uku zuwa huɗu. Yanzu a ce mai kaya ya rubuto cikin damuwa, dillali ya ce wa na'ura ta kwantar masa da hankali, ita kuwa, don son daɗaɗawa, ta rubuta cewa lalle jibi kaya za su sauka: jimla ce mai daɗin ji, amma ta ɗora wa dillali nauyin da motar mai direba ɗaya ba za ta iya ɗauka ba, magana kuwa zarar bunu ce.

In an tambaya wa za a kama, amsa ta riga ta zo daga Kanada. A watan Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin Biritish Kolumbiya ta saurari ƙarar wani fasinja da na'urar amsa tambayoyi ta kamfanin Air Canada ta gaya masa zai iya neman rangwamen masu zuwa jana'iza bayan ya yi tafiya, alhali ƙa'idar kamfanin ba haka take ba. Kamfanin ya kafa hujja da cewa na'urar ita ke da alhakin maganarta, kotu ta yi watsi da wannan, ta ce ya biya. Ɗalibin fiƙihu ba zai yi mamaki ba, domin ya san aikin wakili a kan mai wakilta shi yake komawa, balle abin da bai kai matsayin wakili ba, wanda ba shi da hankali ba shi da zimma, hukuncinsa hukuncin alƙalami.

Akwai kuma wata fitina da ta addabi kasuwar Amurka, inda ɗan damfara kan yi shigar mai mota, ya karɓi lodi daga dillali, ya miƙa wa wani direba na gaskiya, ya karɓe kuɗin ya ɓace, ko ya karkatar da kayan baki ɗaya. A da karyayyen Turanci da takarda mai kurakurai sukan tona asirinsa, yanzu kuwa magatakardan da ke yi wa mai gaskiya aiki shi ne ke yi wa maƙaryaci, saboda haka kyan lafazi ya daina zama shaidar komai. Abin da ya rage wa dillali shi ne ya duba lambar rajistar mai mota a kundin hukumar da ke ba da lasisi, wato FMCSA, ya buga wayar da ke cikin kundin, ya ƙyale wadda aka aiko masa. Haka nan sunayen masu hulɗa da shi da farashinsu sirri ne da aka ba shi amana, bai kamata ya zuba su cikin kowace manhaja ba tare da ya san inda suke kwana ba.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen Amurka ne kurum. Dillanci tsohuwar sana'armu ce, tun zamanin da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro suna sauka wurin fatoma, malamai kuma sun san Imamu Buhari ya ƙulla babi a kan ladan dillali a cikin littafin ijara. Yau ma a Dawanau da Singa da Maraɗi akwai 'yan kamasho masu haɗa mai hatsi da mai tirela, galibin cinikinsu da baki ne ko da saƙon murya a WhatsApp, direba ya ce, "Alhaji, an gama lodi, sai a sallame mu," shi kuwa ya ce, "Malam, Allah ya tsare hanya," shi ke nan an ƙulla. Amma da yake kamfanonin Legas da masu fitar da riɗi da citta waje takarda suke so da Turanci, samarin da ke riƙe wa iyayen gidansu waya sun fara jingina da wannan na'ura, wadda Hausarta ba ta kai Turancinta ba, ba ta kuma san cewa tirela guda buhu 600 ce in siminti ne, amma 300 ce in manyan buhunan masara ne. Haɗarin a nan ya fi girma, domin mai alƙawarin sau da yawa ba ya iya karanta abin da aka rubuta da sunansa.

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ta kuma raba aiki biyu: marubuci ya rubuta da adalci, wanda haƙƙi ke wuyansa shi ne zai yi shifta. A kan wannan ma'auni ya kamata dillali ya zauna da sabon magatakardansa. Ya bar masa gaisuwa da tsara zance da fassara, amma farashi da nauyi da rana da sa'a da sunan gari su fito daga bakinsa ko daga kundinsa, ya hana shi ɗaukar alƙawarin da ba a sa shi ba, kada kuma wata takarda ta fita sai ido ya bi lambobinta ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ya rubuta wa maigidansa da Turanci kuwa, ya zauna ya karanta masa da Hausa tukuna, kamar yadda mai teburin ƙofar gidan waya ke yi. Hausawa sun ce alƙawari kaya ne, dillalin sufuri kuwa ya fi kowa sanin cewa ba a ɗora wa mota kaya sai an auna.