Haƙar Matani da Alƙiblar Bincike kan Matsalar Numfashin Yara Cikin Barci

A Bethesda, dab da birnin Washington, Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka ke kula da rumbun PubMed, wanda ya ƙunshi bayanan maƙalu fiye da miliyan 35. Daga nan manazarta ke kwaso tsakuren maƙalun da suka shafi minshari da ɗaukewar numfashin yara yayin barci, su miƙa wa kwamfuta. Ita kuwa sai ta zubar da kalmomin da ba su ɗauke da ma'ana, ta ƙirga sauran, ta tara waɗanda ke yawan zuwa tare su zama jigo, sannan a jera jigogin bisa shekaru. Wannan aiki ne ake kira haƙar matani.

Fagen ba tsoho ba ne. A 1976 Christian Guilleminault da abokan aikinsa suka bayyana cutar a jikin yara 8. A 2013 aka buga sakamakon gwajin CHAT, wanda cibiyoyin lafiya na Bethesda suka ɗauki nauyinsa: yara 464 masu shekara 5 zuwa 9, wasu aka yi musu tiyatar cire kumburarriyar tsokar maƙogwaro da ta bayan hanci, wasu aka sa musu ido kawai. Kusan rabin waɗanda ba a yi wa aiki ba, gwajin barcinsu ya daidaita cikin wata 7.

Sai dai ƙidayar kalmomi tana da tarko. Ƙamusun MeSH, wanda ake yi wa maƙalu laƙabi da shi, sai a 2000 ya ware wa nau'in da toshewar maƙogwaro ke haddasawa suna na kansa. Mai bin laƙabin kaɗai zai ga kamar bincike ya ɓarke a shekarar, alhali suna ne ya sauya. Tun 2022 kuma na'ura ce ke liƙa laƙabin, don haka kwatanta shekarun baya da na yanzu yana bukatar hattara.

Babban giɓin shi ne na abin da ba a rubuta ba. Cutar ta fi yawa ga yara masu ciwon sikila, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu sikila. Amma mujallun Afirka da dama ba sa cikin rumbun, ɗakunan gwajin barci kuma ƙalilan ne. Ƙarancin kalmar Kano ko Maraɗi a jadawalin yana nuna inda ba a auna yara ba ne.